Ƙunshin Maganin da Nake Aika wa Surukina

Ko da zan manta da ranar da na buɗe shagona, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kira mu garin Agye ƙarin ilimi kan maganin tsinka jini ba. Har gobe in na bi ta gaban zauren da aka yi taron sai in sunkuyar da kai in ƙara wa moto, wato babur, wuta.

Bari in fara da faɗin halina, tunda in ban faɗa ba matata za ta faɗa. Ni mutum ne mai zargi. In mai saye ya cika yi min murmushi, sai na sake duba abin da ya ɗauka. In maƙwabci ya gaishe ni sau biyu a yini ɗaya, na san akwai wata a ƙasa. Shekara goma sha tara ina sayar da magani a Cadawa, bakin kwalta kusa da tasha, kuma duk tsawon lokacin nan gani nake wannan halin ne ya tsare ni. (Takardata ta mai riƙe da shagon magani ce kurum, amma mutanen ƙauye lokotoro, wato likita, suke ce min, ni kuwa ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba.)

Mutum biyu ne suka fi shan zargina a wancan lokaci. Na farko Isuhu, wanda ya zo ya buɗe nasa farmasin a tsallaken hanya, ƙofarsa na kallon tawa, kamar duk faɗin Cadawa babu wani fili sai nan. Yana da fara'a, yana ce min Yaya, kullum da safe sai ya ƙetaro ya gaishe ni. Wannan gaisuwar ita ta fi komai tsaya min a rai.

Na biyu kuwa surukina ne, mahaifin matata Zainabu. Dattijo ne manomi, yana zaune a wani ƙauye kudu da Cadawa, yana noman hatsi da gyaɗa da aya. Kun san yadda muke da surukai a nan. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, har in mai irin sunansa ya shigo shago sai dai in ce mai sunan Baba. In na je gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Ya ce ina gajiya, in ce babu gajiya. In ce ina ƙarfin jiki, ya ce alhamdu lillahi. Duk hirarmu ta shekara ashirin in aka tara ta ba za ta cika rabin yini ba.

Wata rana Zainabu ta ce min, a cikin zance, gwiwa na damun Baba. Nan take na ga inda zan nuna ni suruki ne na kirki. Ba zan iya zuwa in ce masa ɗage wandonka in gani ba, Allah ya kiyaye, amma ai ina da kanta cike da maganin ciwon gaɓɓai. Daga ranar, duk ranar kasuwa sai in zaɓi ƙwayoyi masu ƙarfi, in ɓare su daga cikin fakitinsu (don a ganina kyauta ga suruki bai kamata ta yi kama da hajar shago ba), in ƙunshe su a farar takarda. In rubuta Na Baba da jan biro, in zana rana a gefe ɗaya, wata a ɗaya gefen, wato ɗaya da safe ɗaya da dare. Sai in ba Ɗan Tani, wani dattijo mai amalanken jaki da ke ƙauyensu, ya kai masa in kasuwa ta tashi. Mako na zagayowa Ɗan Tani ya ce, "Baba ya ce an gode, Allah shi yi albarka." Ni kuma in ji kaina ya kumbura.

To, sai na fara lura da wani abu. Duk farkon wata Baba yakan shigo Cadawa da sassafe, ya wuce ƙofata ko waiwaye babu, ya je ya zauna a bencin Isuhu har motar Maraɗi ta cika, ya shiga. Ina laɓe bayan kanta ina kallo ta tsakanin kwalaben siro. Wani mai hankali zai ce ai dattijo ba zai zauna a ƙofar mijin ɗiyarsa ba, kuma motar a can take tsayawa. Ni abin da na ce shi ne, ashe haka ne, maganina ya raina, na Isuhu yake sha a ɓoye.

Mako uku kafin taron, Zainabu ta ce za ta Maraɗi duba gwaggonta. Kwana biyar ta yi. Ta dawo idanunta sun faɗa, na ce ya mai jiki, ta ce da sauƙi, ta shige ɗaki. Ranar kasuwa ta zo, na ba Ɗan Tani ƙunshi, da la'asar mako mai zuwa ya dawo min da shi a naɗe yadda na ba shi. "Baba ya ce an gode, akwai saura." Na sake aikawa, aka sake maido min. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce lalle Isuhu ya gama da ni, ya gaya wa tsohon nan maganina ba shi da ƙarfi.

Ana cikin haka aka kawo min sabon kaya, a ciki akwai wani maganin ciwon gaɓɓai mai launin ja. Aikinsu ɗaya da farin da nake aikawa, sai dai wannan ya fi shi ƙarfi. Na ce yawwa. Ana gobe taro ranar kasuwa ce, na ɓare jajayen nan na ƙunshe, na riƙe hannun Ɗan Tani na ce, "Ka gaya wa Baba wannan sabo ne, ba irin wancan ba ne. Kada ka dawo min da shi." Ya ce to.

Takardar gayyatar ma ban yarda da ita ba. An rubuta wai ƙarin ilimi ne ga masu sayar da magani na yankinmu. Na ce ƙarin ilimin me bayan shekara goma sha tara? Tara mu za a yi wuri guda a yi ta yi mana tambayoyi, wanda ya faɗi a rufe masa shago. Kwana biyu na yi ina sharar kanta ina jera takarduna. Ranar na shiga motar haya tun da safe, don ban so a ga motona a ƙofar zaure a gane na zo. (Kada ku tambaye ni ma'anar wannan dabara, ni ma yau ban san ta ba.)

Mu wajen ashirin ne a zauren. Akwai mutanen Gazawa, akwai wata hajiya daga Sae Sabuwa, har da wasu daga Cadakori da Gidan Runji da suka kwana a hanya. Aka miƙo takardar sa hannu, na karanta ta sau biyu, na juya bayanta na duba. Ina ɗaga kai sai ga Isuhu ya share kujerar da ke kusa da shi yana cewa, "Yaya, ga wuri." Na zauna, amma jakata na kan cinyata.

Mai koyarwar wata mata ce daga Maraɗi, Madam Rabi, mai ilimin haɗa magani na sosai, ba irin namu ba. Ba ta kai Zainabu shekaru ba. Na naɗe hannu na ce bari mu ji.

Gaskiya ta san aikinta, kuma da Hausa ta yi bayanin, sai jefi-jefi take sako Faransanci. Ta ce jini yakan daskare ya yi guda a cikin jijiyar da ke can cikin ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ciwo, mutum ya ɗauka sanyi ne ko targaɗe. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu. Ta ce ya fi samun wanda ya daɗe kwance, da mai jego, da wanda ya yini ya kwana a takure cikin mota. Irin waɗannan ne likita ke ɗora wa maganin tsinka jini, kuma maganin nan ba ya son wasa: in ya yi kaɗan gudan ya dawo, in ya yi yawa mutum ya yi ta zubar da jini. Shi ya sa za ka ga an rubuta wa wani rabin ƙwaya, wani kwata, kuma duk wata sai ya je an auna jininsa.

Hajiyar Sae Sabuwa ta tambaya ko gaskiya ne an hana su cin zogala. Madam ta ce ba a hana ba, amma kada mutum ya yi wata bai ci ba sannan ya zauna ya tashi da kwano guda na kwaɗo, ya riƙa ci daidai yadda ya saba. Ta ce ƙaho kuwa babu shi, a gaya wa wanzami ya yi haƙuri. In za a cire haƙori a faɗa tun da wuri. Sannan ta ajiye allin hannunta ta ce akwai abu ɗaya da ya fi shafarmu, mu masu kanta. Maganin ciwon jiki irin su asfirin da diklofenak, waɗanda manoma ke saye kamar alewa, in suka haɗu da maganin tsinka jini suna iya fasa wa mutum jini a ciki.

"Kafin ku miƙa wa kowa," in ji ta, "ku tambaye shi, akwai wani magani da kake sha? Ko da mahaifinku ne."

Na gyaɗa kai da ƙarfi don a ga na riga na sani. Na saci kallon Isuhu, na ga yana rubutawa. Na ce a raina, rubuta dai, kai aka zo dominka.

Bayan an sha ruwa ta ce za ta ba mu misali na gaske, ba tare da suna ba. Wani dattijo ne manomi daga wannan yanki, ya fi shekara yana shan maganin tsinka jini saboda gudan da ya taɓa samu a ƙafa. Mutum ne mai kiyayewa, ba ya fashin zuwa awo. Kwanan baya aka kawo shi asibiti jiri na ɗibarsa, dasashinsa na jini, bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin. Sai da aka ƙara masa jini. Aka yi ta tambayarsa ko yana shan wani abu, ya ce a'a. Sai a rana ta uku babban ɗansa ya zaro wani ƙunshi daga aljihun rigar tsohon. Ƙwayoyi ne tsirara, babu fakiti babu suna, sai da aka sha wahala kafin a gane maganin ciwon gaɓɓai ne. An tambayi tsohon wa ya ba shi, ya ce shi ba zai faɗa ba ko za a yanka shi.

Ni kuwa sai jinina ya hau. Kun ga, ko sau ɗaya Baba bai faɗo min a rai ba, don a sanina gwiwa ce kaɗai ke damunsa. Abin da ya zo min shi ne, matar nan ta san mai laifin, tana rufa masa asiri. Na ɗaga hannu.

"Madam, a wane gari aka sayi maganin?"

Ta ce, "Malam, ba wannan ne darasin ba."

Na ce, "Shi ne darasin. In ba a faɗa ba, kowa a nan abin zargi ne, har da ni, kuma ni ba zan ɗauki laifin wani ba."

Ta yi ta kaucewa, na yi ta matsawa. Daga ƙarshe, don ta rabu da ni, ta ce ɗan tsohon ya ce daga Cadawa ake kawo masa, iyakar abin da ta sani ke nan.

Daga Cadawa. Mu biyu ne daga Cadawa a zauren, kuma na san ba ni ba ne. Ai sai na miƙe tsaye, na gyara babbar rigata. Jama'a, na yi jawabi. Na ce shekara goma sha tara ina wannan aiki ban taɓa kashe ko kaza ba. Na ce akwai waɗanda suka shigo sana'ar nan jiya, suna washe wa mutane haƙora suna ɗura musu guba. Na ce mutumin da zai ɓare magani daga fakitinsa ya miƙa wa tsoho, bai tambaye shi komai ba, wannan ba shago ya kamata a rufe masa ba, jandarma ya kamata a kira masa. (Ina faɗin ɓare magani daga fakiti da bakina, kunnena na ji, amma ko gezau. Ni a wurina abin da nake yi wa Baba kyauta ce, ba sayarwa ba, don haka ba ya cikin lissafi.) Na rufe da cewa ba zan kama suna ba, amma na juya na dubi Isuhu har sai da kowa ya dube shi.

Isuhu kansa na ƙasa, yana murza biro.

Madam Rabi ta ce, "Malam, zauna, ya isa."

Na ce ba zan zauna ba sai an nuna shaida, in kuwa babu, to labarin ƙirƙira ne don a tsorata mu. Sannan ta ce akwai hoton ƙunshin, dama ta yi niyyar nuna shi don mu ga illar ba da magani tsirara, kuma babu sunan kowa a jiki. Ta taɓa na'urarta, hoton ya fito a bango, faɗinsa ya kai tabarma.

Farar takarda ce, an buɗe ta, ga fararen ƙwayoyi a tsakiya. A gefe ɗaya rana, a ɗaya gefen wata. A sama, da jan biro, Na Baba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na tuna dai na lura da cewa watan da na zana ya karkace, har na ji haushin hakan. Sai kwana biyar ɗin Zainabu suka faɗo min, da ƙunshin da aka maido min sau biyu, da zaman Baba a benci duk farkon wata yana jiran motar zuwa awon jini. Babu wanda ya san rubutun hannuna a zauren sai Isuhu, wanda duk ranar kasuwa yake ganin ina miƙa wa Ɗan Tani, kuma shi bai ɗago kai ba. Da na koma na zauna shiru, da har yau babu wanda ya sani. Amma sai jajayen jiya suka faɗo min, bakina ya riga hankalina.

"Inna lillahi. Jiya na aika masa da wasu."

Da ƙarfi na faɗa. Hajiyar Sae Sabuwa ta dafe ƙirji. Wani daga baya ya ce, "To a kira jandarman ko a dakata?" Babu wanda ya yi dariya sosai, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Madam Rabi ba ta ɓata lokaci a kaina ba. Ta ce wane iri, na faɗa. Ta ce ai an hana shi, ba zai sha ba. Na ce na aika masa cewa wannan sabo ne, ba irin wancan ba. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce in kira shi yanzu. Baba ba ya riƙe waya, ta babban ɗansa kuma ba ta shiga sai ya hau tudun bayan gari. Na kira sau uku, shiru. Ta rubuta min lambarta ta ce in tafi, in ya sha ko ɗaya ne kada a jira gobe, a kai shi awo yau.

Na fito a guje, sai a bakin ƙofa na tuna dabarata ta barin moto a gida. Ina tsaye ina dube-duben mota sai na ji an tayar da moto a bayana.

"Yaya, hau," in ji Isuhu.

Na hau. Daga Agye har muka bar kwalta muka shiga rairayi, ina riƙe da kugun mutumin da na nemi a kira wa jandarma. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, ina ta ganin Zainabu a idona, ina tunanin da wane baki zan gaya mata. Wajen rabin hanya na ce, "Isuhu, ka gane tun farko?" Ya ce tun da aka ce dattijo mai zuwa awo duk wata ya yi zato, don Baba yakan nuna masa takardar awon ya karanta masa ranar komawa. Na ce me ya hana ka gaya min. Ya ce, "Ya roƙe ni kada in faɗa. Kuma ni na ɗauka ka san abin da kake aika mishi, na zaci na ƙarin jini ne."

Mun isa bayan azahar. Baba na zaune a inuwar itacen bedi ƙofar gida yana gyaran igiya. Ban tuɓe takalmi ba, ban durƙusa daga nesa ba, na tafi kai tsaye har gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Ya ɗago a firgice.

"Lafiya? Zainabu ce?"

"Lafiyarta lau. Baba, maganin jiya, kun sha?"

Ya kawar da kai ya dubi igiyarsa. "An gode, Allah shi yi albarka."

"Baba, don Allah, kun sha?"

Daga ƙarshe ya ce ɗaya da dare, ɗaya da safe, yadda aka zana. Ya ce farin ne lokotoro ya hana shi, wannan kuwa ja ne, kuma Ɗan Tani ya ce na ce ba irinsa ba ne. "Sau biyu ina maido maka da kyauta. Na ukun ya yi min nauyi."

Na zauna a ƙasa. Na ce duk abu ɗaya ne, Baba, ni na kwantar da ku asibiti, ni ne kuma na sake. Na ce me ya sa ba a gaya min ba, ga ni da shagon magani, ga ɗiyarku a ɗakina.

Ya ce, "In gaya maka mi? In kira mijin ɗiyata in ce mishi bayan gidana ya yi baƙi?" Ya ci gaba da murza igiya. "Ita ma Zainabu ba ta san daga inda abin ya fito ba, ni na hana a gaya mata. Kai da niyyar alheri ka yi. In ta ji, da wane ido za ta dube ka?"

Wato duk makonnin da na yi ina laɓe bayan kwalabe ina cewa tsohon nan ya raina ni, shi yana kwance ana ƙara masa jini yana tsare min mutunci a wurin matata. Na yi kuka, ba zan yi muku ƙarya ba, a gaban surukina da Isuhu da awaki biyu.

Sai da na yi abin da ya fi wannan wuya. Na kira Madam daga kan tudu, ta ba ni tambayoyin da zan yi, na dawo na yi su ɗaya bayan ɗaya. Ko akwai jiri. Ko cikinsa na ciwo. Na ce ya buɗe baki in ga dasashi, ya buɗe yana kallon sama, ni ma ina dubawa ina neman gafarar Allah. Akwai ɗan jini kaɗan. Tambayar bayan gida kuwa na kasa, sai Isuhu ne ya yi ta, ni na juya baya ina nazarin rumbu.

A ranar muka kai shi Maraɗi. Aka auna, aka riƙe shi kwana ɗaya don a sa ido, aka sallame shi. Allah ya rufa asiri, biyun ba su kai ga yin ɓarna ba. Zainabu kuwa ni na gaya mata da bakina, kuma abin da ta ce min ba na rubutawa ba ne. Isuhu na je har shagonsa na ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya ce ba komai, Yaya, ya yi murmushin nan nasa, kuma na yi iyakar ƙoƙarina ban nemi abin da ke bayan murmushin ba.

Na koma rana ta biyu ta taron, don Madam ta ce in ban dawo ba ita za ta zo Cadawa. Na zauna a layin gaba, ban ɗaga hannu ba har aka tashi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na shekara goma sha tara ina zargin mutane, ina ganin wayo ne, ashe tsoron tambaya ne kawai, don zargi daga bayan kanta ake yin sa, tambaya kuwa sai ka je gaban mutum. Yanzu ko farasitamol za ka saya sai na tambaye ka me kake sha, har wasu sun koma wurin Isuhu don sun ce na cika bincike.

Da Baba kuwa mun samo hanyar da kunya ba ta karye ba. Duk wata in na je, Zainabu na zama tsakaninmu, ni ina kallon gabas shi yana kallon yamma. In ce, "A tambayi Baba ko an ga jini a asuwaki." Ta maimaita, ko da yake ya ji. Ya ce, "A gaya mishi babu." A zuwan farko, da muka gama, ya ƙara da cewa, "A gaya mishi kuma, in zai kawo tsaraba, goro ya isa."

Goron nake kai masa. Shi ma sai da na kira Madam na tambaya.